Maganin Ƙwaro Ba Tare da Guba Ba: Daga Lambun Bagudo Zuwa Iyakar Benin



Wanda ya bi hanyar Bagudo zuwa Illo da Lolo da rani zai ga lambuna kore shar a bakin Kogin Neja. In ya matsa kusa, zai tarar ganyen kuɓewa ya koma kamar rariya, ɓarnar wasu ƙananan ƙwari masu taurin baya da ke tsalle kamar ƙuma. Da damina hangara ke cinye furen wake da na gero. Bayan girbi kuma ƙwaron wake ya karɓi aiki a buhu.

Manomi kan ruga kasuwa ya sayo feshi, amma gubar ba ta tsayawa kan ƙwaro kaɗai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Irin wannan wake ne yaranmu ke ci.

Alhali magani na tsaye a ƙofar gida. Dogon yaro, wanda aka kawo Borno a 1928, ƙwayar 'ya'yansa na da sinadarin da ke kashe wa ƙwaro sha'awar ci, ya kuma hana tsutsarsa girma. Ana daka giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a ɗan zuba sabulu. Da yamma ake feshin, don rana na karya ƙarfinsa, kuma a maimaita duk mako. Hangara kuwa da sassafe ake kakkaɓe ta cikin bokitin ruwan sabulu, da safar hannu, domin ruwan jikinta na tayar da bororo.

Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai, tsutsar ta girma cikin ƙwaya, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ta sake haihuwa. Shanya a rana mai zafi da cuɗawa da toka na rage shi. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, yana toshe masa iska har ya mutu.

Maƙwabtanmu ma suna da darasi. Wani ƙwaro mai huda masara, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya, ya ɓulla a Togo a 1984, ya ƙetara Benin. Masana suka ɗauko wani ƙwaron da ke cin ƙwai da tsutsarsa daga can mahaifarsa, aka sake shi a Togo a 1991, a Benin a 1992, ɓarnar ta ragu a kudancin ƙasashen.

Buhunan hatsi na kai-komo tsakanin Tsamiya da Segbana, ƙwaro na biye da su. Don haka ya kamata malaman gona na ɓangarorin biyu su riƙa nuna haɗin dogon yaro da ɗaurin buhu a ranakun kasuwa, da Hausa da Dandanci da Fulatanci, kafin wake ya bar gona a kaka mai zuwa.