Lacca Ga Hakimai Da Magatakardansu: Yadda Kwaleji Ke Sake Duba Darussanta

Rumbu komai kyansa, sai an leƙa shi kowace shekara, don a ga abin da gara ta ci. Haka darussan kwaleji suke. Hakiman ƙasar Mairuwa, da Faskari, da Ƙanƙara, da Sabuwa suna da hannu cikin wannan al'amari, gama yaran da suke turawa kwaleji su ne ke komowa su riƙe makarantun ƙauyukansu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horad da malamai, ana shekara 5 ana koyon Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa. Nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Da ƙasa ta bukaci masu ilmin asibiti da na gona, aka sake lale, aka shigo da kimiyya. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 Zariya, a 1971 ta zama Kwalejin Barewa.

Yanzu kuwa akwai hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989 don lura da kwalejojin horad da malamai, irin su Kwalejin Tarayya ta Katsina da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma. Ita ke fid da littafin ƙa'idojin karatu, tana sake shi bayan 'yan shekaru. A gyaran 2012 aka rarraba horon, watau malamin ƙananan yara dabam, na firamare dabam, na ƙaramar sakandare dabam, na yaƙi da jahilci dabam. An sake wani gyara a 2020.

Ga yadda aikin ke tafiya. Da fari malaman sashe su zauna su bi darussa ɗaya ɗaya, su ware na bari, da na gyara, da na zubarwa. Sa'an nan a gayyato malami daga wata makaranta ya auna jarrabawa. Daga nan majalisar malaman kwaleji ta yanke shawara. Ƙarshe hukuma ta aiko mutanenta su ga azuzuwa, da littattafai, da yawan malamai.

Amma duk waɗannan a birni suke zaune. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Idan sabon malami ya zo Mairuwa bai iya koyad da karatun Hausa a aji ɗaya ba, ko ya kasa riƙe ajin da yara suka yi yawa, hakimi ne zai fara ji daga iyaye. Wajibi ne magatakarda ya rubuta abin filla-filla, da sunan darasin, a aika wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, don maganar ta kai ga masu gyara. In an yi shiru, haka darasin zai zauna, yaran ƙauye ne kuwa za su sha hasarar.

Allah ya sa a dace, amin.