Kwangilar gwamnati: ina rabon ɗan kasuwar Iferwan?

Laccar da wani ɗan jarida ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumar Iferwan.

 

An nemi in yi magana a kan yadda sha'anin ba da kwangilar gwamnati yake sakewa a Nijar, da abin da sakewar ke nufi ga mai neman aiki daga nan tsakiyar duwatsun Ayar. Maganata guda ce: dokokin da aka shimfiɗa domin kowa ya samu shiga sun gyara abubuwa da dama, amma yadda ake aiki da su ya sa ƙofar ta ƙuntata ga ƙaramin ɗan kwangila na nesa, alhali can sama ana buɗe wasu ƙofofin da ba mai leƙawa.

Mu fara da alherin. Dattawanmu sun san lokacin da kwangila take maganar sanayya: wanda ya san mai sa hannu, shi ke da aiki. Ranar 18 ga Satumba 2002 aka kafa kundin dokokin kwangila wanda ya haifi hukumar sa ido ta ARMP. A Disamba 2005 ƙungiyar UEMOA ta ɗora wa ƙasashenta ƙa'ida ɗaya, aka sabunta kundinmu a 2016 da 2022, ARMP kuma ta zama ARCOP. Ginshiƙan uku ne: kowa yana da damar shiga gasa, a daidaita masu nema, a yi komai a fili. Ana buɗe ambulan ɗin tayi gaban jama'a, a karanta farashin kowa da babbar murya, wanda ya ga an zalunce shi kuma yana da kwamitin da zai kai ƙara. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kada mu raina shi.

To, me ya sake ga ɗan kasuwa? Abu na farko, takarda ta zama jari. Kafin a dubi farashinka sai an ga rijistar kasuwancinka, da lambar NIF, da shaidar ka biya haraji, da shaidar ka zuba wa ma'aikatanka kuɗin CNSS, da lamunin banki, da shaidar ayyukan da ka taɓa gamawa. Wasu daga cikin takardun nan suna da wa'adi. In guda ta mutu, tayinka ya faɗi, ko da kai ne mafi araha. Mutumin Yamai yana iya haɗa su a kan babur cikin ƴan kwanaki. Na Iferwan kuwa sai ya kama hanyar Arlit ko ta Agadas, ya ci kuɗin mota da na masauki, tun bai san ko aikin zai zo hannunsa ba.

Abu na biyu, labari ya koma jarida da intanet. Sanarwar gasa tana fita a Le Sahel da shafunan hukuma, kuma ƙa'idar UEMOA ta ba da aƙalla kwana 30 na ajiye tayi a manyan gasa na cikin gida. Kwana 30 suna da yawa ga wanda ya karanta sanarwar ranar da ta fita. Ga wanda labari ya iske bayan mako biyu, kuma da Faransanci mai nauyi, lokaci ya riga ya ƙure.

Sakamakon kun fi ni saninsa. Aji ne, ko rijiya, ko ɗakin likita, sai kamfani na nesa ya ci gasa da farashi mai sauƙi, domin bai san abin da buhun siminti ke ci kafin ya ratsa koramu da duwatsu ya iso nan ba. In ya gane, ko ya sayar da aikin ga maginin gari a kan kuɗin da ba su isa ba, ko ya rage ƙarfe da siminti, ko ya bar bango tsaye ba rufi. Arahar da aka nema ta zama tsada biyu. Ga kuma jinkirin biya daga baitulmali, wanda babban kamfani ke iya jurewa, ƙarami kuwa yakan karya shi.

Abu na uku shi ya fi nauyi: yawaitar kwangilar hannu da hannu, wadda ba gasa a cikinta. Mun ga inda take kaiwa. A 2006 badaƙalar MEBA ta kai tsofaffin ministocin ilimi biyu gidan kaso. A 2020 binciken ma'aikatar tsaro ya ƙiyasta asarar sefa miliyar 76 ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Duk da haka, ranar 23 ga Fabrairu 2024 wata doka ta fitar da sayayyar jami'an tsaro da ta fadar shugaban ƙasa daga ƙarƙashin kundin kwangila. Ba mai musun cewa tsaro yana da sirrinsa, musamman mu da muka ga abin da tawayen 2007 ya yi wa garin nan. Amma sirrin makami daban, sirrin farashi daban. A Afirilun shekarar kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, sai nauyin tambayar wa ya ci kwangila, kuma nawa, ya dawo kan ku da ke zaune nan.

Kuɗin kuwa naku ne. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jahar da ake haƙar su. Kamfanin Cominak ya rufe a Maris 2021, saboda haka kowace dala da ta rage sai a san inda ta shiga.

Me za a yi? Ga ƴan kasuwa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Doka ta yarda kamfanoni su haɗu su ajiye tayi guda. Magini, da mai kamyo, da mai jari, in sun haɗa kai, za su cika sharuɗɗan da kowanensu shi kaɗai ba zai cika ba. Ku riƙa sabunta takardunku tun ba a yi kira ba, ku sa wani matashi mai karatu ya riƙa bin sanarwa. In an kayar da ku, ku nemi dalili a rubuce, ku kai ƙara cikin wa'adi, domin kwanakinsa kaɗan ne.

Ga ma'aikata: doka ta ba ku damar raba babban aiki kashi-kashi, yadda ƙananan kamfanoni za su iya ɗauka. Ku liƙa sanarwa a ƙofar ofis, a karanta ta da Tamashek da Hausa, ku bayyana sunan wanda ya ci da farashinsa, kada kuma ku sa hannu kan karɓar aikin da ba ku taka da ƙafarku kun gani ba.

Tun 2011 Iferwan take gunduma mai cin gashin kanta daga Arlit. Ya kamata a ga amfanin haka a ajin da aka gina da kyau, da hannun ɗan gari da ya ci aikin a gasa ta gaskiya.