Kafin ki ɗaure kaya zuwa Kano

Jawabin ma'ajiyar ƙungiya a taron cika shekara 10 da kafuwa, a Kura



An ce in karanto lissafin shekara, kuma zan karanto, amma ku ɗan yi mini haƙuri tukuna. A bana mata huɗu suka same ni har gida, maganarsu ɗaya: "Yaya, a ba ni kuɗina na ƙungiya, maigida ya ce za mu koma Kano." Biyu daga cikinsu har an yi wa gonarsu kuɗi. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce gara in faɗa a gaban kowa.

Ni zaman birni ba labarinsa aka ba ni ba. Shekara bakwai na yi a ɗaki biyu na haya can wajen Unguwa Uku. Kuma ba zan ɓata Kano ba, don ta yi mini rana. Daren da naƙudar autana ta zo da gardama, kafin a ce me mun isa asibiti. Da a nan ne, sai an tashi mai mota cikin dare, a yi tafiyar kimanin kilomita 30, ke da kika taɓa haihuwa kin san abin da nake nufi. Ga makarantu, ga Kwari, ga Singa, duk abin da kika kai akwai mai saye. Yarinyar da ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero ko makarantar koyon jinya, don Allah a bar ta ta tafi, ba da ita nake ba.

Da ke nake, mai turara shinkafa. Sana'ar nan tamu tsakar gida take so: wurin jiƙa, wurin kafa tukunya, wurin shanya. A gidan hayar da na zauna mu shida ne a tsakar gida ɗaya, ko igiyar shanya sai an yi layi. Ranar da na gwada hura wuta, hayaƙi bai gama tashi ba aka kai ƙarata wurin mai gida. Tun daga nan tukunyata ta koma mazubin ruwa. Shi ma ruwan saye ake yi wurin 'yan garuwa, jarka-jarka. Gawayi saye, kuka da kuɓewa saye, kuɗin adaidaita kullum, kuɗin haya kuwa na shekara ne a dunƙule. Maigida yana samu fiye da nan, gaskiya ne, amma ni da nake riƙe kaina na koma mai jiran kuɗin cefane. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai maganar rance. Ƙungiyar nan tana ba ki kuɗi ba tare da takardar fili ba, saboda mun san mahaifiyarki, mun san ƙofar gidanku. A can wa zai tsaya miki? Na shiga adashi sau ɗaya, uwar adashin ta tashi daga unguwar ana saura kwasa biyu a zo kaina. Har yau.

Ku dubi abin da ke hannunmu kuma. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970, ƙasar nan ake nomanta rani da damina: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 abinci ya yi tsada, su wa suka riƙa bugo waya a aika musu da ɗan buhu? 'Yan'uwanmu na birni. Gonar da ruwa ke bi ta gefenta in kika sayar, kuɗin da aka ba ki ba zai sake saya miki irinta ba.

Na san ba kowace ce ke da ta cewa ba in maigida ya yanke shawara. To ga abin da ni da Hajiya shugaba muke kawowa gabanku. Wadda za ta tashi kada ta cire kuɗinta, ta ci gaba da zubi ta waya. Gona a ba ɗan'uwa haya, kada a sayar. Sannan ita ta zama mai sayar mana da shinkafa a unguwar da ta sauka, mu aika mata, ta cire ladanta a kowane kwano.

Bayan lissafi za a ɗaga hannu a kan wannan. Malama sakatariya, miƙo mini littafin nan.