Abin da Tunkiya da Ƙwai Suka Koya Mana Game da Juna Biyu

 

Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa. Iskar oksijin daga jinin uwa take zuwa masa ta mabiyiya da cibiya. To, me ke faruwa idan ta yi ƙaranci? Ba a irin wannan gwaji a kan mace mai ciki, shi ya sa masana suka koma ga dabbobi.

Tun shekarun 1930, Joseph Barcroft na Jami'ar Cambridge a nan Ingila yake nazarin tayin tunkiya. Waɗanda suka biyo bayansa sun gano cewa idan iska ta ragu, tayin yakan karkata jininsa zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda da hanji da ƙafafu. Kamar maigida ne a shekarar fari, sai ya sayar da dabbobi don ya ciyar da iyali. An tsira, amma an yi asara.

Daga baya Farfesa Dino Giussani, shi ma na Cambridge, ya sa aka ƙyanƙyashe ƙwan kaji a La Paz ta Bolibiya, mai tsayin mita 3,600, inda iska ba ta da yawa. 'Yan tsakin suka fito ƙanana, bangon zuciya da na babbar jijiyar jini ya yi kauri. Da aka ƙara wa wasu ƙwan oksijin, girmansu ya daidaita. Ƙwai ba ya cin abincin uwa, saboda haka laifin na iska ne. Tunkiya da kaza ba mutum ba ne, amma a mutane ma David Barker ya nuna cewa jariran da aka haifa ba nauyi sun fi fuskantar hawan jini da ciwon zuciya a girma.

Mu a gida ba tsauni ne matsalarmu ba. Ƙarancin jini ne, da maleriya mai lalata mabiyiya, da sikila, da hawan jinin ciki, da hayaƙin itace da gawayi, da doguwar naƙuda. A nan kuma ga shisha da sigari.

Ina ƙaramin likita a gida, an kawo mini wata baiwar Allah bayan kwana biyu tana naƙuda, idonta fari fat. Ba ta taɓa zuwa awo ba, ga ragon suna kuwa an riga an saya. Mun ceto ta, jaririn bai zo da rai ba.

Saboda haka, iyayena maza, kafin mu aika kuɗin rago, mu fara aika na awo, da maganin ƙarin jini, da gidan sauro. Mu kira mu tambaya: an auna jininta? Jaririn yana motsi? Idan motsi ya ragu, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya.