Kasuwar Baje-Koli: Inda Matafiyi Ke Neman Labarin Hanya

Ina gaida iyayenmu maza da mata, da direbobi da 'yan kamasho na tashar Unguwa Uku a Kano waɗanda na san rediyonsu a kunne yake tun asuba, da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni baki ɗaya.

Yau maganar tafiya za mu yi, kuma daga tashar zan fara. Duk wanda ya taɓa shiga motar Zariya ko Kaduna ko Abuja a Unguwa Uku ya san ba ya zama sai ya yi tambaya. Nawa ne kuɗin mota? Saura mutum nawa ta cika? Yaya hanyar take a kwanakin nan? Tafiyar awa uku ke nan ake wa wannan binciken. To me ya sa idan tafiyar ta miliyoyin naira ce, ta Umara ko Dubai ko Alƙahira, sai mutum ya ɗauki kuɗinsa ya tura wa wanda bai taɓa gani ido da ido ba, don kawai ya ga tallarsa a Facebook?

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Zamanin da ayarin fatake ke sauka a Fagge, mai niyyar Gwanja ko Agadas sai ya je zango ya zauna da madugu. Ya ji inda rijiyoyi suke, da garin da ake biyan fito, da dajin da ba a kwana. Maniyyatan da suka bi ta Barno da Sudan a ƙasa, wasunsu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba, kuma da labarin waɗanda suka riga su suka yi guzuri.

Zangon namu na yau shi ne kasuwar baje-koli. A duniya akwai waɗanda ake ci musamman don harkar tafiye-tafiye. Na birnin Balin a Jamus, wanda ake kira ITB, tun 1966 ake yinsa, a watan Maris. Na Dubai ya fara a 1994. A nan gida akwai Akwaaba a Legas. Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ma tana shirya nata taron da baje-koli a Jidda. A irin waɗannan wurare kamfanonin jiragen sama da masu otal-otal da hukumomin yawon buɗe ido na ƙasashe kowa kan kafa rumfarsa. Galibinsu dai cinikin kamfani da kamfani ne, saboda haka sun fi amfanar 'yan'uwanmu masu ofisoshin sayar da tikiti. Alhaji, idan harkarka ce wannan kuma kana zuwa Dubai saro kaya, ka daidaita tafiyarka da lokacin taron. Zuwa da kai ya fi aike.

Mu kuwa sauran jama'a, tamu tana nan kusa da gida. Daga Unguwa Uku ka hau adaidaita sahu ka miƙe Titin Zariya, ka kai Dangi, ka karya Titin Gidan Zoo, ga filin baje-koli nan. Cibiyar 'yan kasuwa ta Kano, KACCIMA, ita ke shirya kasuwar duniya a can wajen ƙarshen shekara, lokacin da sanyin hunturu ya fara shigowa. Mafi yawanmu kallo ke kai mu, a sayo robobi da turare, yara su hau lilo, a dawo. Ni ina so bana ku je da wata niyyar daban. Mutanen da ke zaune a rumfunan nan daga garuruwa da ƙasashe daban-daban suka zo, kowanne da labarin hanyarsa a bakinsa, kuma ba ya karɓar ko sisi don ya ba ka. Ka tsaya wajen mutumin Bauci ka tambaye shi Yankari. Zai gaya maka ruwan Wikki ɗumi gare shi dare da rana, kuma da rani aka fi ganin giwaye, lokacin da ƙishirwa ke koro su bakin kogin Gaji. Ka tambayi Bakabe bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ka ji ko za a yi shi a shekarar, domin ba kullum ake yi ba. Bakatsine zai kwatanta maka Gobarau da rijiyar Kusugu ta Daura. Yana damuna ƙwarai in ga yaron da ya san sunayen kantunan Dubai amma bai taɓa hawa Dala ba, bai taɓa leƙa Gidan Makama ba, alhali a 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin abubuwan gado na duniya.

Sai dai ga inda nake so ku buɗe kunne. Kasuwar wurin tambaya ce, ba wurin biyan kuɗi ba. Idan ka ci karo da rumfar kamfanin tafiye-tafiye, da hotunan Harami manya-manya da rangwamen da aka ce yau zai ƙare, ka bar katin bankinka a aljihu. Wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da hatsi, shekara da shekaru yana tara kuɗin Umarar azumi. Ya biya wani kamfani saboda an ce masa kujeru biyu suka rage. Goman ƙarshe ta shigo ta fita yana zaune a gida da jakarsa a ɗaure. Har yau idan na tuna fuskarsa ranar Sallar nan sai zuciyata ta sosu.

Da ya yi tambaya kaɗan da bai faɗa ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, kuma tana fitar da sunayensu. Ka ce a nuna maka lasisin, na wannan shekarar, sannan ka je ka duba da kanka. Ka tambayi wace irin biza za a yi maka, domin bizar Umara ko ta ziyara ba ta ba ka damar yin aikin Hajji, kuma Saudiyya ba ta wasa da wannan. Idan aka ce masauki kusa da Harami ne, ka ce a faɗi sunan otal ɗin, ka sa ɗanka ya duba nisansa a taswirar waya. Kusan saurayi ba kusan tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ne. Mutum nawa ne a ɗaki? Abinci yana ciki? Wa zai ɗauke ku daga Jidda, wa zai kai ku Madina? Idan biza ba ta fito ba, nawa za a dawo maka, kuma yaushe? Duk amsar da aka ba ka, ka ce a rubuta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Hajiya, ke ma kada ki bar wa maigida tambayar shi kaɗai. Ke kika san abin da yara za su iya ci da nisan da Inna za ta iya takawa.

Ka zaga rumfa uku ko huɗu, ka karɓi takardunsu, ka koma gida ka baje su a tabarma ka gwada. Ka duba fasfonka, domin yawancin ƙasashe suna son ya rage masa aƙalla wata shida, ka kuma nemo katin rigakafin shawara. Bayan an tashi daga kasuwa da kwana biyu, ka je ofishin kamfanin da ƙafarka ka ga ko yana nan inda aka ce. Idan ka gamsu, ka biya ta asusun kamfani, ba na wani mutum ba, ka karɓi rasit mai hatimi.

Lokaci ya cim mana, masu sauraro. Direbobin da ke shirin tashi daga Unguwa Uku yanzu, Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ku lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.