Yadi Biyar Ko Turmi Biyar? Lacca Kan Aji, Aiki Da Obalodi



An nemi in yi magana a kan irin tsarin rubuta wa kwamfuta umarni wanda ake gina shi a kan abubuwa, watau wanda ake koyar da ku da harshen Java ko C++. To, ni ba daga ɗakin na'ura zan fara ba, daga Fagge zan fara. Sabon Gari dai an kafa ta wajen 1913, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma tun daga lokacin ciniki ne abincinta. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Duk ɗan kasuwar da littafin bashinsa yake cikin rumfa a wannan dare, ya yi hasara biyu: ta kayan da ke kan kanta, da ta kuɗin da yake bin mutane, domin ba shi da sauran shaida sai amanar mai cin bashi. Saboda haka idan gobe wani mai kanti ya ce ku mayar masa da littafinsa cikin kwamfuta, ku san dukiyarsa da mutuncinsa ya danƙa muku.

Mene ne aji? Ku dubi mazubin mai buga bulo. Mazubi ɗaya ne, amma bulon da ke fita daga cikinsa ba ya ƙidayuwa, kowane kuwa da jikinsa. Aji shi ne mazubin, abu shi ne bulon. Idan muka yi aji muka kira shi Asusu, sai mu ce kowane asusu yana da sunan mai shi da yawan bashin da ake bin sa. Asusun tela daban, asusun dillaliya daban, alhali kuwa mazubinsu ɗaya. Wannan dabara ba ta jiya ba ce. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ne suka fito da ita a birnin Oslo na ƙasar Norwe, cikin harshen Simula na 1967. Bjarne Stroustrup ya fara ɗora ta a kan harshen C a 1979, abin da ya zama C++, sannan kamfanin Sun Microsystems ya fitar da Java a 1995.

Amfanin aji ba ajiye bayani kaɗai ba ne, tsare shi ne. Mai kanti mai hankali ba ya barin kowane yaron kanti ya ɗauki biro ya goge lamba a littafi. Haka nan a cikin aji ake kulle yawan bashi da kalmar private, a bar ƙofofi kaɗan waɗanda ake shiga ta cikinsu. Waɗannan ƙofofi su ne ayyukan ajin: ci bashi, biya, duba saura. A bakin kowace ƙofa sai a tsayar da mai gadi. Aikin biya, alal misali, ya ƙi karɓar kuɗin da ya gaza sifiri. Ɗalibin da ya bar komai a buɗe don gudun wahalar rubutu, ya yi mazubi ne kawai, bai yi kanti ba.

Yanzu sai obalodi, kalmar da 'yan kamasho suka riga mu saninta a tasha, ko da yake a nan ba laifi ba ce. Ma'anarta a ɗora wa suna ɗaya ayyuka fiye da ɗaya. Hausa ma tana yin haka: a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci jarrabawa, a ci amana, kalma ɗaya ce, abin da ya biyo bayanta shi ke fayyace ta. To, haka Java take. Za ku iya rubuta aikin biya wanda ke karɓar kuɗi kaɗai, ku rubuta wani biya wanda ke karɓar kuɗi da kwanan wata. Na'ura tana duban yawan abubuwan da aka miƙa mata da irinsu, ta zaɓi wanda ya dace, tun kafin shirin ya fara gudu.

Ga inda nake so ku kasa kunne. Iri take dubawa, ba ta duban nufi. A Kantin Kwari turmin atamfa yadi shida ne. A ce kun so ku rubuta aikin sayarwa sau biyu, ɗaya na yadi, ɗaya na turmi, kowane yana karɓar cikakkiyar lamba. Java za ta ƙi, domin a wurinta biyar biyar ce, sunan da kuka laƙa wa lambar ba ya cikin lissafinta. Wannan ƙin alheri ne, domin tsakanin yadi biyar da turmi biyar akwai yadi ashirin da biyar.

Mugun tarkon shi ne wanda ba ta ƙi. A ce ɗalibi ya yi biya guda biyu, ɗaya yana karɓar kwabo da cikakkiyar lamba irin long, ɗaya yana karɓar naira da lamba mai ɗigo irin double. Dillaliya ta kawo naira 500. Idan aka rubuta 500.0, an rage mata naira 500. Idan aka rubuta 500 ba ɗigo, na'ura za ta bi ƙofar kwabo, ta rage mata naira biyar, ba gargaɗi, ba ƙara. Ranar da za a yi lissafi kuwa, matar ce za ta yi ta rantsuwa, mai kanti yana nuna mata allo. A ganina ma bai kamata a ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo ba ko kaɗan, tun da a wannan iri 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. A ajiye komai da kwabo.

Kada wani ya ce wannan kuskuren yara ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a duniyar Mas, saboda wani shiri yana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, wani kuma yana karɓa da zaton ma'aunin niyuton ne. Lambobi ne tsirara suka wuce daga hannu zuwa hannu ba tare da ma'auninsu ba.

Maganin yana cikin darasin farko. A yi wa Yadi ajinsa, a yi wa Turmi nasa, a koya wa Turmi yadda zai mayar da kansa yadi shida. Daga nan obalodi ya halatta, domin irin ya bambanta, kuma wanda ya miƙa lamba tsirara, na'ura za ta tsayar da shi a ƙofa. Inda kuwa yin sabon aji ya yi nauyi, a raba suna kawai: biyaNaira daban, biyaKwabo daban.

Aikin da zan bar muku na wannan mako ke nan. Ku rubuta ajin Asusu, da Yadi, da Turmi. Bayan haka kowa ya miƙa wa na kusa da shi shirinsa, shi kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya sa asusun ya nuna bashin da ba a ci ba, ba tare da ya taɓa cikin ajin ba. Wanda aka karya nasa, ya zo da layin da aka shiga ta cikinsa, mu duba shi tare a kan allo.

Shugaba, a buɗe filin tambayoyi.