Samfurin PowerPoint da Zai Daɗe Yana Aiki

Yau magana ce da matasanmu masu zanen kwamfuta, waɗanda kamfani ko ƙungiya ke ba kwangilar tsara samfurin PowerPoint.

Da yawa suna ƙawata shafuka ɗaya bayan ɗaya, su miƙa, a biya su. Ranar da sakatare ya zo ƙara sabon shafi, tambari ya gushe, launi ya canza, rubutu ya hau kan hoto. Wannan ba aiki ba ne. Tambari da launi da salon rubutu, a babban shafin nan da ake kira Slide Master ake kafa su, sauran shafuka su gada daga can. A bar gurbin kanu da na hoto a buɗe, sannan a adana fayil ɗin a matsayin potx, domin kowa ya ɗauki kwafi ba tare da ya taɓa asalin ba.

Tun daga PowerPoint 2013 faffaɗan allo na 16:9 ya zama tsayayye, amma sai a tambayi mai aiki irin majigin da ke zaurensa.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu. Wani salon rubutun ba ya ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, ko ta nuna akwati. Kafin ka miƙa aiki, rubuta jimla guda da Hausa, ka buɗe ta a kwamfutar ofishin mai aikin.